Darasi: Samun Launin Ruwan Hoda a Sabulun da Ba a Dafawa

Duk wanda ya fara haɗa sabulu a gida, da zarar hannunsa ya faɗa, abin da yake nema na gaba shi ne launi. A nan Ɗan Iya, cikin garin Bauchi, da unguwannin da ke kewaye da mu, launin da masu koyo suka fi tambaya shi ne ruwan hoda. Shi ake so a kayan lefe da kayan barka, shi mata ke fara ɗagawa idan an baza sabulai a faranti. Sai dai shi ne kuma ya fi ba da wahala. Mutum zai zuba ja mai kyau a haɗinsa da yamma, gari ya waye ya buɗe mazubi ya tarar da ruwan ƙasa, ko ruwan goro, ko wani toka-toka marar fasali. Kuɗin mai ya tafi, na soda ya tafi.

Sabulun da muke magana a kai shi ne wanda ba a ɗora shi a wuta. A narka kostik soda a ruwa, a haɗa da mai, a juya har ya yi kauri, a zuba a mazubi, sodar ta ci man da kanta. Ya sha bamban da sabulun salo da ake dafawa da ruwan toka, wanda duhunsa ke haɗiye duk launin da aka sa masa. A haɗin da ba a dafawa, launin yana shiga ne lokacin da soda ke da cikakken ƙarfinta, kuma a nan matsalar take.

Gwajin zoɓo

Kafin mu taɓa soda, ku kawo kofin gilashi biyu, ku zuba jiƙaƙƙen zoɓo a kowanne. Ku bar ɗaya yadda yake. A ɗayan ku jefa ɗan guntun kanwa, ku kaɗa, ku zuba ido. Jan zai fara dusashewa daga inda kanwar ta sauka, ya koma shunayya, ya yi duhu, idan kanwar ta yi yawa ya karkata zuwa baƙi-baƙi mai ratsin kore. Masu yin zoɓon sayarwa sun san wannan tuntuni. Yanzu ku matse lemon tsami a ciki: jan zai fara dawowa.

Abin da ya faru shi ne, sinadarin da ke ba zoɓo jansa, wanda masana ke kira antosayanin, yana sauya kama gwargwadon ruwan da ya samu kansa a ciki. Akwai ma'auni na wannan, ana ce masa pH, daga 0 zuwa 14. Tsabtataccen ruwa yana tsakiya, a kan 7. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, zoɓo yana wajen 3. Sama da 7 ɓangaren kanwa ne da toka da soda. Ruwan sodar da muke haɗa sabulu da shi yana can ƙarshe, wajen 14. Ko bayan sabulu ya gama nuna, yana zama ne tsakanin 9 da 10. Ke nan babu ranar da jan zoɓo zai dawo a cikin sabulu. Abin da guntun kanwa ya yi wa kofin nan, soda za ta yi ninkinsa.

Haka labarin yake ga yawancin abin da ido ke gani ja a gona ko a kasuwa. Jajayen furanni, ruwan tumatir, jan gwoza na Turawa da ake kawowa daga Jos, duk ruwan ƙasa ko ruwan goro suke komawa. Lalle yana ba da kore mai duhu da ke rikiɗa ruwan ƙasa. Majigi ya fi su juriya, amma abin da yake bayarwa ja ne mai duhu da ke jan jiki zuwa shunayya, ba ruwan hoda mai haske ba. Karan dafi, wanda dukawan Kano da Sakkwato suka daɗe suna rina jar fata da shi, launi ne mai ƙarfi, kuma ya cancanci a gwada shi, amma a ɗan ƙaramin kofi, ba a kilo guda na mai ba. Akwai wata saiwa da ake kira mada, wadda mutanen Indiya da Turkiyya suka yi ƙarnoni suna rina tufafi da ita, har sai da wasu masana biyu na Jamus, Graebe da Liebermann, suka haɗa sinadarinta a ɗakin gwaji a 1868. Ita kam tana jure soda, tana ba da ruwan hoda, sai dai ba shukar ƙasarmu ba ce, oda ake yi.

Galura da kalar rini kuwa, ku nisance su gaba ɗaya. Don tufafi aka yi su, ba don fatar mutum ba. Ina jin takaici idan na ga sabulu mai jan da ke kashe ido an naɗe shi a leda ana sayar wa masu jego, alhali wanda ya haɗa shi bai san abin da ke cikin ƙullin kalar da ya saya ba. Kalar abinci ba ta da wannan haɗarin, amma ba ta zama: wata soda ta cinye ta, wata ta yi ta naso tana bin jikin sabulun. Kalar da ake sa wa sabulun ruwa na wanke-wanke ma ba lalle ne ta dace da wannan ba. Ku tambayi mai shago ƙarara: wannan ta sabulun wanka ce? Tana jure kostik?

Fari da ɗigon ja

Kun san kalamin, maganin nan da ake shafa wa yara idan ƙuraje ko ƙarambau sun feso musu. Launinsa ruwan hoda ne tsantsa. Kusan dukkansa farin gari ne da ake kira zink oksaid, sai ɗan abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba na jan oksaid, wato tsatsar ƙarfe da aka tace. Wannan ɗan ɗigon shi ya rina farin duka.

Darasinmu na yau a nan ya rataya. Ruwan hoda fari ne aka ɗiga masa ja. Saboda haka aiki biyu ne a gabanku: ku samu sabulu fari tukuna, sannan ku samu jan da soda ba ta iya ci. Mafi yawan masu koyo suna kashe kuɗinsu a kan na biyu su manta da na farko, alhali na farkon ne ke yanke hukunci. Idan sabulunku rawaya ne tun asali, ja ya hau kan rawaya, ruwan goro za ku samu, ko da kalar daga ina aka kawo ta.

To, mai shi ne tushen fari. Manja shi ne babban abokin gabar ruwan hoda, saboda sinadarin karotin da ke ba shi jansa, wanda a cikin sabulu yake komawa rawaya. Wasu suna soya shi a wuta har ya washe. Yana washewa, amma hayaƙinsa yana shaƙe gida, yana iya kamawa da wuta, kuma ko ya washe, sabulunsa yana fita da ɗan rawaya-rawaya. Ni ban ba ku shawarar wannan a tsakar gida mai yara ba.

Alayyadi, man ƙwarar manja, yana ba da kumfa da tauri, kuma sabulunsa fari ne idan an samu mai haske. Baƙin alayyadin da ake toyawa a gargajiyance, wanda ake shafa wa jarirai, ba ya yi a nan. Ku ɗiga a farar takarda ko ku ɗaga kwalbar a rana kafin ku biya. Man kwakwa ma fari yake bayarwa, sai tsada. Man gyaɗa na ƙuli, wanda aka toya gyaɗarsa sosai, yana da ƙamshi a miya amma yana da duhu a sabulu, don haka ku nemi mai haske. Man kaɗe kala biyu ne a kasuwa, akwai fari-fari akwai rawaya, ku ɗauki na farkon.

Wanda nake so ku ba muhimmanci shi ne kitsen shanu. Mutane suna raina shi, ga shi kuwa da arha wurin mahauta a kasuwar Wunti ko Muda Lawal, kuma kaɗan ne mai da ke ba da sabulu fari mai tauri irinsa. Ku yayyanka shi ƙanana, ku zuba a tukunya da ruwa kofi guda da ɗan gishiri, ku sa wuta kaɗan-kaɗan har ya narke. Kada ku bari ya soyu, da ya soyu ya yi ja, warin kuma ba ya fita. Ku tace da tsumma mai tsabta, ku bar shi ya kwana. Da safe za ku ga farin dunƙule ya daskare a sama, ruwa da datti suna ƙasa. Ku ɗaga shi, ku kankare gindinsa. Idan da sauran wari, ku maimaita da sabon ruwa.

Jan da soda ba ta ci

Launukan da suka fito daga ƙasa da duwatsu su ne soda ba ta yi wa komai. Na farko shi ne jan oksaid na kayan kwalliya. Ku kula: akwai wanda ake sayarwa a shagunan kayan gini, na fenti da daɓe. Sunansu ɗaya amma ba a tace na ginin don jikin mutum ba, yana iya ɗaukar dalma da makamantanta. Na kwalliya za ku nema wurin masu kayan haɗa sabulu da man shafawa, a nan Bauchi ko ta hannun masu zuwa Jos da Kano. Ƙarfinsa ya wuce yadda ake zato. Rubu'in cokalin shayi ya ishi kilo guda na mai, sau da yawa ma rabin hakan ya isa. Da an zarce, launin jan bulo ake samu, kumfar ma ta fito ja ta ɓata farin tawul.

Na biyu ita ce laka mai ruwan hoda, wadda ba komai ba ce illa farar ƙasa, wato kawolin, mai ɗan jan oksaid a jikinta. Jiharmu ta Bauchi tana da arzikin farar ƙasa, musamman a Alƙaleri, inda ake haƙo ta ana kai wa masana'antu. Za ku iya haɗa taku: tataccen kawolin cokalin shayi 4 da jan oksaid ɗan kan cokali. Laka tana ƙara wa sabulu santsi, tana taimaka wa ƙamshi ya zauna. Amma tana shan ruwa, don haka a dama ta da ruwa ninki uku nata kafin a zuba, in ba haka ba sabulun ya tsage. Garin kalamin ma yana yi, cokalin shayi 2 zuwa 4 a kilo guda. Garin nake nufi, ba na kwalba ba, wanda ke da wasu haɗe-haɗe a ciki.

Wani zai ce, ga jar ƙasa nan ko'ina a bayan gari, me zai sa in saya? Ana iya jiƙa ta, a tace, a bar yashin ya kwanta, a kwashe lallausar a shanya. Launin da take bayarwa ya fi kusa da na tukunyar ƙasa. Amma ba ku san abin da ke cikinta ba. A Zamfara, a 2010, gubar dalma da ke cikin duwatsun da ake dakawa a gidaje don neman zinariya ta kashe yara sama da 400. Ƙasar da aka ɗebo kusa da ramin haƙar ma'adinai ko juji ba ta da wuri a sabulun da za a yi wa yaro wanka da shi.

Duk waɗannan suna ba da ruwan hoda mai sanyi, mai ɗan duhun ƙasa. A ganina shi ya fi kyau, kuma ba ya koɗewa. Wanda yake son mai haske sosai sai ya nemi maika, wani gari mai ƙyalli, cokalin shayi 2 a kilo guda, amma ya tabbatar an rubuta cewa tana jure soda, domin wasu maika masu ruwan hoda rini aka yi musu, soda tana wanke shi. Idan kuma man naku bai yi fari yadda kuke so ba, cokalin shayi 1 zuwa 2 na taitaniyam dayoksaid yana gyarawa. Yana rufe ɗan rawaya, ba ya rufe manja.

Haɗin kilo guda

Kitsen shanu tatacce, giram 450
Alayyadi mai haske, giram 300
Man gyaɗa mai haske, giram 250
Kostik soda, giram 144
Ruwa, giram 300

A sikeli za a auna komai, ba da gwangwani ba. Kowane mai da yawan sodar da yake ci, alayyadi ya fi man gyaɗa ci nesa ba kusa ba, saboda haka idan kun sauya mai, lissafin soda ya sauya. An rage sodar wannan haɗin da kashi 5 cikin 100 da gangan, don a bar ɗan mai da zai tausasa fata. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi. Ruwan rijiya ko burtsatse da ke barin jan tabo a bokiti yana da ƙarfe a ciki, yana dusashe launi.

Ku sa safar hannu ta roba da tabarau, ku fita fili inda iska ke kaɗawa, a fitar da yara. Soda ake zubawa a cikin ruwa, kaɗan-kaɗan ana juyawa. Ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, tafasowa take yi ta fantsamo fuska. Ruwan zai yi zafi ƙwarai da kansa, ya yi tururi mai shaƙewa, ku kawar da kai. Bokitin roba mai kauri za ku yi amfani da shi. Tukunyar dalma da duk wani kwanon alminiyon soda tana cin su, tana fitar da iska mai kama wuta, sabulun kuma ya yi toka-toka.

Akwai abin da ba zan gaji da faɗa ba. Ruwan soda kamarsa ɗaya da ruwan sha. Asibitocin ƙasar nan sun sha karɓar yaran da suka kurɓe shi a gidajen masu yin sabulu, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke, wasu har abada ba sa iya haɗiyar tuwo. Kada ku taɓa zuba shi a gorar ruwa ko kofi, kada ku bar shi ya huce a inda hannun yaro zai kai. Idan tsautsayi ya faru, kada a sa yaron amai, kada a ɗura masa manja, a garzaya da shi asibiti nan take. Mu nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin gari. Idan a fata ko ido ya zuba, a yi ta kwarara ruwa na minti 20, na ido kuma a je asibiti bayan haka.

Yayin da ruwan soda ke hucewa, ku narka kitsen da alayyadin, ku haɗa da man gyaɗa. Ku ɗebi cokalin shayi 4 daga man, ku dama rubu'in cokalin jan oksaid a ciki har gudaji su mutu. Gudajin da kuka bari su ne za su fito ɗigo-ɗigo ja idan an yanka. Idan mai da ruwan soda duka sun sauko sun zama ɗumi-ɗumi, wajen digiri 35 zuwa 40, ku zuba ruwan sodar a cikin man kuna juyawa. Da muciya aikin yana iya kai awa guda, da bulenda ta hannu 'yan mintuna ne. Ku ci gaba har ya yi kaurin kunun gyaɗa marar kauri sosai, yadda idan kun ɗiga daga muciya zai bar ɗan sawu a sama kafin ya nutse.

Yanzu ne lokacin launi. Ku zuba cokali ɗaya na damammen jan, ku juya sosai, ku duba, sannan ku ƙara. Kada ku yarda da abin da ido ya gani a bokiti: ɗanyen haɗi yana da rawaya-rawaya, kuma zai yi haske idan ya bushe. Ku tsaya tun kuna ganin kamar da saura kaɗan.

Turare, zafi da hunturu

An sha samun launi daidai, turare ya zo ya ɓata shi. Duk ƙamshin da ke da banila a ciki yana mayar da sabulu ruwan ƙasa. Ba ya nunawa ranar farko, sai bayan mako ɗaya ko biyu ku ga duhu ya fara daga gefe yana shiga ciki. Turarukanmu masu duhu irin na oud da haɗin humra ma suna rina shi, masu sifirit a ciki kuma suna daskarar da haɗin tun kafin a kai ga mazubi. Ku nemi ƙamshin da aka yi don sabulu, mai haske, giram 20 zuwa 30 a kilo guda. Zuma, madara da sukari suna ƙonewa a cikin soda su ba da ruwan ƙasa, ku bar su sai wani haɗin.

Bayan an zuba a mazubi, sabulu yana yin zafi da kansa. Idan zafin ya yi yawa, yakan yi laushi ya yi ƙyalli na 'yan sa'o'i, kuma launinsa ya fita da ƙarfi. Idan bai yi ba, launin ya fita a sanyaye. Duka biyun sabulu ne mai kyau. Abin da ba a so shi ne rabi da rabi: ku yanka ku ga da'ira mai duhu a tsakiya, gefe kuma fari-fari. A zafin Bauchi na Maris da Afrilu, ba ya buƙatar bargo, ku ajiye shi a inuwa a kan siminti, musamman idan kun sa taitaniyam, wanda zafi ke sa shi yin jijiya-jijiya. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, ku rufe fuskarsa da leda, ku lulluɓe da tsohon bargo. Ledar tana hana farin garin nan da ke fitowa a sama idan iska ta taɓa ɗanyen sabulu, tana kuma tare ƙura. Garin ba ya cutarwa, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, amma a kan ruwan hoda yana nunawa sosai.

Bayan kwana ɗaya ko biyu ku cire, ku yanka da safar hannu, ku jera a kan katako da tazara, a ɗaki mai iska. Mako 4 zuwa 6 zai yi kafin a yi wanka da shi. Ba a shanya shi a rana. Wanda kuma ya yi niyyar sa masa suna da leda ya kai shaguna, ya sani rajistar kayan wanka da na shafawa tana hannun hukumar NAFDAC.

Aikin wannan mako

Ku haɗu ku huɗu-huɗu, ku yi haɗin kilo guda. Idan ya fara kauri, ku raba shi a robobi huɗu, kowace wajen giram 360. Ta farko kada ku sa mata komai, ita za ta nuna muku ainihin farin manku. Ta biyu ku sa mata rabin cokalin shayi na damammen jan oksaid. Ta uku cokalin shayi ɗaya na laka mai ruwan hoda ko garin kalamin. Ta huɗu babban cokali ɗaya na zoɓo mai kauri. Ku rubuta lamba a jikin kowace roba, ku buɗe shafi a littafinku, ku rubuta launin da kuka gani ranar da aka zuba, da ranar da aka yanka, da bayan mako 1, da bayan mako 6.

Sannan ku amsa waɗannan a rubuce. Me ya sa zoɓo ya sauya launi da aka sa masa kanwa? Wata ɗaliba ta yi haɗinta da manja da jan oksaid, wane launi za ta samu, kuma me za ku ce ta sauya? Idan za ku ninka haɗin nan zuwa kilo 3 na mai, giram nawa na soda da na ruwa za ku auna?